Karkasa Bayanai da Tara Jimilla bisa Mabuɗi: Darasi daga Sunayen Garuruwan Gundumar Kance

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake karkasa jerin bayanai kashi-kashi bisa mabuɗi, sannan a tara adadin kowane kashi, ta amfani da harshen Python. An ɗauko misalai daga gundumar Kance ta jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, inda sunan gari ɗaya kan fito da rubutu uku ko huɗu. Maƙalar ta nuna cewa lissafin kansa bai wuce layi uku ba. Nauyin aikin yana wajen yanke hukuncin abin da za a ɗauka a matsayin mabuɗi guda, kuma masanin harshe ne ke da alhakin wannan hukunci.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya fita tattara bayanai, ko a nazarin karin harshe ne ko walwalar harshe ko aron kalmomi, yakan dawo da dogon jeri. Kowane layi na ɗauke da sunan garin da aka yi hira, da kalmar da aka ji, da yawan fitowarta. Jerin a yadda yake ba ya amsa tambayar bincike. Sai an tattara layukan da suka yi tarayya a kan wani abu, an haɗa lambobinsu, kafin a iya cewa kalma kaza ta fi yawa a gari kaza. Abin da layukan suka yi tarayya a kansa shi ake kira *mabuɗi*, lambar da ake tarawa kuma ita ce *ƙima*.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mai awon hatsi da ke ba da bashi yakan rubuta duk abin da ya fita a littafi, in yamma ta yi ya bi layi-layi ya tara abin da yake bin kowane mutum a gaban sunansa. Sunan mutum shi ne mabuɗi, tiyoyin gero su ne ƙima. Haka ma ƙidayar jama'a take: a ƙidayar Nijar ta 2012 an tara mutanen ƙauyuka bisa ƙaramar hukuma, aka tara na ƙananan hukumomi bisa gunduma, har aka samu cewa gundumar Kance na da mutum kusan 400,000. Irin wannan buƙata ce ta sa Herman Hollerith ya ƙera injin tantance katuna masu huji da aka yi aiki da shi a ƙidayar Amurka ta 1890.

Akwai dalilin da ya sa batun ya ƙara muhimmanci ga masu nazarin Hausa a yau. A watan Maris na 2025 kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Littattafan koyarwa, da ƙamusoshi, da jerin kalmomin da ya kamata yaro ya fara koya, duk suna buƙatar ƙidayar kalmomi. Ƙidayar da aka gina kan gurguwar mabuɗi za ta ɓatar da duk wanda ya dogara da ita.

2.0 Dalilin Zaɓen Kance

Kance gari ne da ke kudancin jihar Damagaram, kuma da sunansa ake kiran gundumar, duk da cewa hedikwatarta na Matamaye. Gundumar na da ƙananan hukumomi tara, daga cikinsu akwai Matamaye, da Kance, da Ɗan Barto, da Dungu, da Kurni, da Tsauni, da Yauri. Yanki ne mai daɗaɗɗiyar alaƙa da ƙasar Daura, wanda ya shiga ƙarƙashin ikon Damagaram a ƙarni na 19, sannan iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar shi a ɓangaren Faransa. Hanyar da ta taso daga Zinder ta bi ta Matamaye da Ɗan Barto ta shiga Nijeriya, ta nufi Daura da Kano.

Wannan tarihi ya bar alama a rubuce. Takardun hukuma na bin ƙa'idar Faransanci, inda ake rubuta sautin /c/ da *tch*, sautin /u/ kuma da *ou*. Saboda haka Kance ta zama *Kantché*, Tsauni ta zama *Tsaouni*, Kurni ta zama *Kourni*. Matamaye kuwa ana ganin ta a matsayin *Matameye* ko *Matamèye*. Kazalika kalmomin aro daga Faransanci da na Ingilishi na gogayya a bakin mutanen yankin, sefa da naira kuma na yawo a kasuwanninsa. Da wuya a samu wurin da ya fi wannan dacewa da gwada mabuɗi.

3.0 Bayanan Gwaji

A ɗauka ɗalibai uku sun yi hira da mutane a garuruwa uku, suna neman sanin kalmar da aka fi amfani da ita wajen ambaton makarantar boko: *lakwal*, wadda aka aro daga Faransanci, ko *makaranta*. Kowane ɗalibi ya rubuta sunan gari yadda ya saba. Alƙaluman da ke ƙasa na gwaji ne, an shirya su don wannan darasi kawai.

```python
bayanai = [
    ("Kance",     "lakwal",    14),
    ("Matamaye",  "lakwal",     9),
    ("Kance",     "makaranta",  6),
    ("Kantché",   "lakwal",     5),
    ("Ɗan Barto", "makaranta", 11),
    ("Matamèye",  "makaranta",  7),
    ("Dan Barto", "lakwal",     4),
    ("kance",     "makaranta",  3),
]
```

Layi takwas ne, kuma idan aka haɗa lambobinsu gaba ɗaya za a samu 59. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan lamba, domin za a riƙa komawa gare ta.

4.0 Hanyoyin Tarawa

*4.1 Ƙamus*

Python na da wani mazubin bayanai da ake kira `dict`, wato ƙamus. Sunan ya dace, domin kamar yadda ƙamus ke ajiye ma'ana a gaban kowace kalma, haka wannan mazubi ke ajiye ƙima a gaban kowane mabuɗi, kuma mabuɗi ba ya fitowa sau biyu.

```python
jimilla = {}
for gari, kalma, adadi in bayanai:
    jimilla[gari] = jimilla.get(gari, 0) + adadi
```

Layin farko ya buɗe ƙamus wanda babu komai a ciki. Na biyu ya umarci kwamfuta ta bi jerin layi bayan layi. Na uku ya ce: a duba abin da aka tara wa wannan gari zuwa yanzu, in ba a taɓa ganin sa ba a ɗauka sifiri ne, a ƙara adadin wannan layi, a mayar. Abin da mai awon hatsi ke yi da littafinsa ke nan.

Wannan hanya na da sauri saboda sau ɗaya take bin jerin. Python na lissafa wata lamba daga haruffan mabuɗin, lambar kuma ta kai shi gurbin kai tsaye, ba sai ya bincika mabuɗan ɗaya bayan ɗaya ba. Mai koyo kan yi kuskuren ajiye mabuɗan a wani jeri na daban, ya riƙa bin sa daga farko a kan kowane layi. A layi takwas ba za a ga bambanci ba. A matani mai kalma miliyan ɗaya da mabuɗi dubu hamsin, aikin daƙiƙa ɗaya zai iya komawa na mintoci masu yawa.

*4.2 Gajerun Hanyoyi*

Tun fitowar Python 2.5 a 2006 akwai `defaultdict`, wanda ke sanya sifirin da kansa:

```python
from collections import defaultdict

jimilla = defaultdict(int)
for gari, kalma, adadi in bayanai:
    jimilla[gari] += adadi
```

Akwai kuma `Counter`, wanda ya fi dacewa idan kowane layi ɗaya yake wakilta, kamar a ƙidayar kalmomin matani. Yana da umarnin `most_common` da ke jero mabuɗan daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci.

*4.3 Tarkon `groupby`*

A cikin `itertools` akwai umarni mai suna `groupby`, wanda sunansa kan yaudari masu koyo. Layukan da ke maƙwabtaka da juna kawai yake haɗawa. Da zarar mabuɗi ya sauya sai ya buɗe sabon kashi, ko da ya taɓa ganin mabuɗin a baya. A ɗauka an riga an gyara sunayen garuruwan nan sun koma uku. Tsarin fitowarsu zai kasance Kance, Matamaye, Kance, Kance, Ɗan Barto, Matamaye, Ɗan Barto, Kance. Umarnin zai fitar da kashi bakwai. Idan aka zuba su a ƙamus, na baya zai riƙa shafe na gaba, a ƙare da Kance 3, Matamaye 7, Ɗan Barto 4. Jimilla ta koma 14 a maimakon 59, kuma kwamfuta ba za ta yi ƙorafin komai ba. Maganin shi ne a fara jera bayanan da `sorted` bisa mabuɗin kafin a kira `groupby`.

*4.4 Wasu Kayan Aiki*

Masu aiki da manyan jadawalai kan yi amfani da `pandas`, inda layi ɗaya ya wadatar: `df.groupby("gari")["adadi"].sum()`. A rumbun bayanai na SQL ana haɗa `GROUP BY` da `SUM`. A Excel kuwa `SUMIF` ne ke wannan aiki, wanda a Excel na Faransanci ake kira `SOMME.SI`. Har tsarin MapReduce da Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat na kamfanin Google suka bayyana a 2004, wanda ke raba aiki ga dubban kwamfutoci, da ƙidayar kalmomi suka buga misalinsa. Kayan aikin sun bambanta, amma duk abu ɗaya suke nema a ba su, wato mabuɗi.

5.0 Matsalar Mabuɗi

*5.1 Tsagewar Mabuɗi*

Ga abin da shirin 4.1 ya fitar daga bayanan gwajin:

Kance 20, Matamaye 9, Kantché 5, Ɗan Barto 11, Matamèye 7, Dan Barto 4, kance 3.

Garuruwa uku sun zama bakwai. Babu kuskure a lissafin, domin jimillar tana nan 59. A wurin kwamfuta mabuɗi biyu ba sa zama ɗaya sai kowane harafi ya yi daidai da takwaransa, don haka *K* da *k* daban suke, haka *Ɗ* da *D*. Haɗarin yana bayyana ne lokacin fassara sakamako. Wanda ya dubi layin "Ɗan Barto" kaɗai zai rubuta cewa ba a amfani da *lakwal* a garin ko kaɗan, wanda ya dubi "Matamaye" kuma zai ce ba a san wata kalma ba sai ita. Yana iya ɗora bayani mai daɗin ji a kai, ya ce kusanci da iyakar Nijeriya ne ya kori kalmar Faransanci, alhali rubutun ɗaliban ne ya haifar da sakamakon.

Akwai tsagewar da ido ba ya gani. A tsarin Unicode kowane harafi na da lambarsa. Harafin *è* na *Matamèye* ana iya ajiye shi a matsayin harafi guda mai lamba U+00E8, ana kuma iya ajiye shi a matsayin *e* da alamar U+0300 a bayansa. A fuskar kwamfuta kamanninsu ɗaya, a cikin ƙamus mabuɗi biyu ne. Wannan ya shafi duk mai sanya alamar karin sauti a kan wasulan Hausa. Haka kuma fili da ya maƙale a ƙarshen suna kan raba "Kance" da "Kance ".

*5.2 Daidaita Mabuɗi*

Maganin tsagewa shi ne a bi da kowane suna ta wata matata kafin ya zama mabuɗi:

```python
import unicodedata

SUNAYE = {
    "kance": "Kance", "kantché": "Kance",
    "matamaye": "Matamaye", "matameye": "Matamaye",
    "matamèye": "Matamaye",
    "ɗan barto": "Ɗan Barto", "dan barto": "Ɗan Barto",
}

def daidaita(suna):
    s = unicodedata.normalize("NFC", suna).strip().lower()
    return SUNAYE[s]
```

Matatar na da mataki biyu. Na farko aikin inji ne: `NFC` na haɗe harafi da alamarsa duk inda Unicode ya tanadi harafi guda, `strip` na cire filin gefe, `lower` na mayar da manyan haruffa ƙanana, har da masu ƙugiya, domin ya san *ɗ* ce ƙaramar *Ɗ*. Mataki na biyu shi ne jadawalin `SUNAYE`, wanda mutum ne ya rubuta shi da hannu. Babu wata ƙa'idar lissafi da za ta gano cewa *Kantché* da *Kance* gari ɗaya ne. Sai wanda ya san ƙa'idojin rubutun harsunan biyu, ya kuma san ƙasar.

Da gangan aka rubuta `SUNAYE[s]` ba tare da wata mafita ba. Idan wani sabon rubutu ya bayyana, misali *Kanche*, shirin zai tsaya ya nuna shi, mai nazari ya duba ya ƙara a jadawali. Gara shirin da ya tsaya ya yi ƙara da wanda ya wuce shiru da kuskure a cikinsa.

Bayan an sauya `jimilla[gari]` zuwa `jimilla[daidaita(gari)]`, sakamakon ya zama Kance 28, Matamaye 16, Ɗan Barto 15.

*5.3 Cakuɗewar Mabuɗi*

Wanda tsagewa ta wahalar yakan wuce gona da iri, ya share duk wata alama don komai ya zama bai ɗaya. A nan ne kishiyar matsalar ke kunno kai. Akwai kayan aikin da ke mayar da kowane harafi zuwa haruffa 26 na Ingilishi. Idan aka bi da matanin Hausa ta cikinsu, *ƙafa* za ta faɗa cikin *kafa*, *baƙi* cikin *baki*, *ƙasa* cikin *kasa*. Mabuɗin da ya tsage ana iya ɗinke shi daga baya, amma wanda ya cakuɗe ba ya rabuwa sai an koma ga asalin bayanan. Saboda haka ƙa'ida ce a bar rubutun asali a gurbinsa, a buɗe sabon gurbi don daidaitaccen mabuɗi.

Sunayen wurare ma kan cakuɗe. *Yaouri* ta gundumar Kance, in an mayar da ita rubutun Hausa, za ta yi karo da Yauri ta jihar Kebbi a Nijeriya. Mai binciken da ya haɗa bayanan ƙasashen biyu zai tara Hausar wurare biyu masu nisan ɗaruruwan kilomita a kashi guda.

*5.4 Haɗaɗɗen Mabuɗi*

Mabuɗi na iya ƙunsar abu fiye da ɗaya. Matsalar Yauri na warwarewa idan mabuɗin ya zama ƙasa da jiha da gari a haɗe. Tambayar binciken nan ma irin wannan mabuɗi take buƙata, domin ana son sanin yawan kowace kalma a kowane gari:

```python
jimilla = defaultdict(int)
for gari, kalma, adadi in bayanai:
    jimilla[(daidaita(gari), kalma)] += adadi
```

Sakamako: a Kance *lakwal* 19, *makaranta* 9, a Matamaye *lakwal* 9, *makaranta* 7, a Ɗan Barto *lakwal* 4, *makaranta* 11. Yanzu ne aka samu abin da za a iya tattaunawa a kansa. Wajen jera sakamakon a lura cewa `sorted` na bin lambobin Unicode ne, kuma lambar *Ɗ*, wato U+018A, ta fi ta *Z* girma. Don haka Ɗan Barto zai faɗo ƙasa da Zinder. Mai son jerin abacada na Hausa, inda *ɓ* ke bin *b*, *ɗ* ke bin *d*, *ƙ* ke bin *k*, sai ya ba kwamfuta wannan tsari da kansa.

*5.5 Idan Kalma ce Mabuɗi*

Duk abin da aka faɗa game da sunan gari ya ninka idan kalmar Hausa ce mabuɗi. A 1986 Jon Bentley ya nemi Donald Knuth ya rubuta shirin da zai fitar da kalmomin da suka fi yawa a matani. Knuth ya rubuta shiri mai shafuka da dama, sai Doug McIlroy ya nuna cewa umarni shida na Unix sun isa. Har yau ana koyar da wannan gajeriyar hanya. Sai dai matakinta na farko na ɗaukar duk abin da ba ya cikin A zuwa Z a matsayin iyakar kalma. A matanin Hausa hakan na nufin *ɗaki* zai zama *aki*, *baƙi* ya rabe zuwa *ba* da *i*, *jama'a* ta zama *jama* da *a*, *'ya'ya* kuma su zama *ya* sau biyu. Ƙananan kalmomi irin su *ba* da *a* da *ya* za su kumbura da adadin da ba nasu ba.

Ko an magance wannan, da sauran hukunce-hukunce a gaban mai nazari. Na farko ya shafi ƙa'idar rubutu. Ƙa'idar Nijar, wadda aka tabbatar da dokar ma'aikatar ilimi a 1999, na amfani da *ƴ*, ta Nijeriya kuma *'y*; ga shi alamar hamza kanta na da siffa uku a kwamfuta, U+0027 da U+2019 da U+02BC. Kalma guda na iya samun mabuɗi huɗu ke nan. Na biyu ya shafi rabawa da haɗe kalmomi: marubuta da yawa na rubuta *ya na* da *zasu* a inda ƙa'ida ta ce *yana* da *za su*. Na uku ya shafi ƙirar kalma. *Gida*, *gidan*, *gidansa*, *gidaje* da *gidajen* mabuɗi ɗaya ne ga mai haɗa ƙamus, amma biyar ne ga mai nazarin ɗafi. Na huɗu ya shafi karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa: *gari* na zama da *gari* na tuwo rubutunsu ɗaya, haka *kai* na jiki da *kai* wakilin suna da *kai* aikatau. Na biyar ya shafi karin harshe. Mai ƙidayar ma'ana zai haɗa *tafi* da *tahi*, ko *lakwal* da *lekwal*, amma ga mai nazarin tsarin sauti wannan bambanci shi ne abin da ya fito nema.

Babu amsa guda da ta dace da kowa. Tambayar bincike ce ke zaɓen mabuɗi, kuma wajibi ne a bayyana zaɓin a babin dabarun bincike. Girman lamarin na fitowa idan aka tuna yadda kalmomi ke rarrabuwa a matani. A rumbun matanin Ingilishi na Jami'ar Brown, wanda Henry Kučera da Nelson Francis suka fitar da ƙididdigarsa a 1967, kalmomi kimanin miliyan ɗaya sun kasu zuwa nau'i fiye da 50,000. Kalmar da ta fi yawa ta ci kusan kashi 7 cikin ɗari, kusan rabin nau'o'in kuma sau ɗaya tak suka fito. Wannan shi ne yanayin da ake dangantawa da George Zipf. A cikin wannan dogon jerin masu fitowa sau ɗaya ne tsagaggun mabuɗai ke ɓuya, suna sa a zaci marubuci ya fi yadda yake yalwar kalmomi.

6.0 Matsalar Ƙima

Ƙima ma na buƙatar tacewa, kuma kasuwannin yankin Kance na da darasi a kan haka. A Nijar *dala* na nufin sefa biyar, don haka *dala ashirin* sefa 100 ce, *jika* kuma sefa 1,000. A Nijeriya tsofaffin 'yan kasuwa na kiran naira 200 *jaka*. Ɗalibin da ya kwafi hirar ciniki ya rubuta 20 a inda aka ce *dala ashirin*, ya rubuta 500 a inda aka ambaci farashi da naira, sannan ya tara, ya haɗa abubuwan da ba sa haɗuwa. Ko dai a mayar da duk ƙimomin zuwa ma'auni ɗaya, ko a sanya ma'aunin cikin mabuɗi. Haka abin yake tsakanin tiya da buhu.

Siffar lamba ma kan kawo cikas. Abin da aka karanto daga fayil yakan zo a matsayin rubutu, kuma a Python haɗa "14" da "6" na ba da "146". Dole a juya su da `int` tukuna. Ƙa'idar Faransanci na rubuta 1 250,5 a inda ta Ingilishi ke rubuta 1,250.5, don haka fayil da aka shirya a Zinder na iya rikita shirin da aka rubuta a Kano.

Sifiri kuma daban yake da gurbin da ba a cike ba. Sifiri na nufin an yi tambaya ba a ji kalmar ba. Gurbi na nufin ba a yi tambayar ba. A `pandas`, layin da mabuɗinsa ya ɓace ana watsar da shi shiru yayin `groupby`, sai an rubuta `dropna=False`.

Abu na ƙarshe shi ne kaso. A bayanan gwajin *lakwal* ta samu kashi 67.9 cikin ɗari a Kance, 56.3 a Matamaye, 26.7 a Ɗan Barto. Wanda ya haɗa ukun ya raba uku zai samu 50.3. Amsar gaskiya ita ce 32 cikin 59, wato 54.2, domin garuruwan ba su ba da adadi daidai wa daida ba. Ana tara ɗanyen adadi ne tukuna, sannan a fitar da kaso.

7.0 Tantance Sakamako

Gwaji uku ya kamata su biyo bayan kowace tarawa, domin kowanne irin kuskuren da yake kamawa daban. Na farko shi ne gwajin jimilla: abin da ya shiga ya yi daidai da abin da ya fito.

```python
assert sum(jimilla.values()) == sum(a for _, _, a in bayanai)
```

Wannan zai kama tarkon `groupby` da layukan da `pandas` ya watsar, amma ba zai kama tsagewa ba, tun da garuruwa bakwai ma 59 suka bayar. Na biyu shi ne a buga jerin mabuɗan a karanta da ido, a fara daga masu ƙaramin adadi. Wanda ya yi hira a gari uku ya ga bakwai ya san akwai gyara. Na uku na kama cakuɗewa: a zaɓi mabuɗi biyu ko uku masu yawa, a koma ga asalin layukansu, a tabbatar abu ɗaya suke nufi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ƙamus da zagaye ɗaya sun isa tara ƙima bisa mabuɗi, kuma `defaultdict`, `Counter`, `pandas` da SQL gajerun hanyoyi ne zuwa wuri guda. An ga kuma cewa bayanai takwas daga garuruwa uku sun ba da sakamako mabambanta gwargwadon yadda aka bi da mabuɗin. Saboda haka jadawalin daidaita sunaye da kalmomi wani ɓangare ne na binciken, kuma ya cancanci a saka shi a ratayen kundi, domin mai duba aiki ya ga abin da aka haɗa da abin da aka raba. Zai yi amfani idan sassan nazarin harshe na Zinder da Yamai da Kano da Katsina suka yi tarayya a kan jadawali guda na sunayen garuruwan kan iyaka, mai ɗauke da rubutun Hausa da na Faransanci da na Ingilishi.

Jinga

1. A tara bayanan gwajin bisa kalma kaɗai, a tabbatar an samu *lakwal* 32 da *makaranta* 27.
2. A ƙara layin `("Dan-Barto", "lekwal", 2)`. Me shirin zai yi? Waɗanne gyare-gyare biyu ake buƙata, kuma a wane irin bincike ne bai kamata a yi na biyun ba?
3. A ɗauki shafi ɗaya na jaridar Hausa a ƙidaya kalmominsa sau biyu, sau ɗaya bisa siffar da suka fito da ita, sau ɗaya bisa tushe. A kwatanta kalmomi goma na sama a jerin biyu, a bayyana dalilin bambancin.